Girmama tsoho ba ya hana mantuwa

Tun bayan binciken Levy da Langer na 1994 ake ta yayata cewa al'ummar da ke girmama tsofaffi ta riga ta yi musu rigakafin mantuwa. Sun gwada dattawan Sin da kuramen Amurka da Amurkawa masu ji, suka ga waɗanda ke kallon tsufa da idon rahama sun fi iya tuna abu. Magana ce mai daɗin ji ga Bahaushe, amma ina ganin an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Da Yoon da abokan aikinta suka sake gwajin a 2000 kan 'yan asalin Sin mazauna Kanada, ba su ga cewa ra'ayi kan tsufa ne ke haifar da bambancin iya tuna abu ba.

Mai kare wancan ra'ayi zai kawo gwajin Hess na 2003, inda aka ba tsofaffi labarin jarida mai cewa ƙwaƙwalwa na lalacewa da shekaru, sai suka tuna kalmomi kaɗan fiye da takwarorinsu. Hujja ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Sai dai a lura da abin da ya ragu: sun rage amfani da dabarar tara kalmomi gida-gida. Ke nan zato ya taɓa himma da dabara, a zama ɗaya, cikin ɗakin gwaji. Nan hujjar ta tsaya, kuma nan zan tsaya da ita: abin da tsoho ya ɗauka game da kansa yana iya sa shi sakin aikin da yake yi da ka. Uwar adashi da ta shekara talatin tana riƙe da zubin kowa da ranar kwasar kowa a ka, ranar da 'ya'ya suka ce "Hajiya, ki huta haka nan", girmamawa ce ta karɓe mata lissafin.

Za a ce ai wataƙila mantuwar ce ta fara, shi ya sa ta saki. Hultsch da abokansa sun yarda da yiwuwar haka a 1999, bayan bin dattawan birnin Victoria shekara 6: sakin aiki na iya gabatar raunin ƙwaƙwalwa, raunin ma na iya gabatarsa. Ko ta wane ɓangare aka ɓullo, darajar da ake ba tsoho a zaure ba ta cikin lissafin.