Siminti, Laka da Gidan Likita: Abin da Tarihin Gini Ya Bari a Ƙasar Ƙonni da Adar

Matafiyin da ya bar Birnin Ƙonni ya nufi gabas bisa babbar hanyar Madawa, zai fara hango dogayen gine-ginen masana'antar siminti ta Malbaza, bayan ɗan lokaci kuma ya iso Galmi, garin albasa da asibiti. In kuwa ya karkata arewa daga Tsarnawa ya kama hanyar Tawa, zai ratsa ƙasar Badagishiri, inda masallacin laka na Yama yake tsaye. Waɗannan wurare uku duk sun kafu ne tsakanin 1950 da 1982, kuma kowanensu yana riƙe da wani yanki na amsar tambayar da ke jiran mutanen yankin: da me ya kamata a gina gidan da ake jinyar marasa lafiya, kuma a kan wace ƙasa?

Asibiti ne ya fara zuwa. A 1950, Nijar tana hannun Faransa, ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi, wanda sannu a hankali ya zama matattarar masu neman magani daga Adar da Gobir, har da waɗanda ke ƙetaro iyaka daga Najeriya. A wancan zamani duk buhun simintin da aka yi aiki da shi a ƙasar daga nesa ya fito, ya sha doguwar tafiya kafin ya kai hannun magini. Shi ya sa gwamnatin Diori Hamani, bayan samun mulkin kai a 1960, ta ɗauki kafa masana'antar siminti a matsayin alamar tsayuwa da ƙafafun kai. An zaɓi Malbaza saboda dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a yankin, aka soma aiki a tsakiyar shekarun 1960.

Tun daga nan siminti da kwanon rufi suka zama shaidar ginin gwamnati. Makarantu, ɗakunan shan magani da gidajen haihuwa duk suka ɗauki fasali guda: bulo, rufin kwano da tagogin ƙarfe. Ginin yana da amfaninsa, domin daɓen siminti yana wankuwa, ruwan sama kuma ba ya zaizaye shi. Amma wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda kwano ke mayar da ɗaki tanderu. Bazarar da sanƙarau ya fi yaɗuwa a cikinta, ita ce kuma lokacin da majinyata da masu jinya ke kwashe tabarmi su koma gindin dogon-yaro.

A daidai waɗannan shekaru wani aiki yana tafiya a Yama ba tare da buhun siminti ba. A 1962 jama'ar garin suka ɗora wa Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin masallacin Juma'a. Ya fara da gini mai sauƙi, a 1975 ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, tsakanin 1978 da 1982 kuma ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da siffarta. A 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Hikimar katangar laka mai kauri ita ce tana shan zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare ya raba, dogon rufi kuwa yana barin iska mai ɗumi ta hau sama.

An ɗauki shekaru kafin masu zanen gini na zamani su waiwayi wannan gado. A 2018 aka kammala aikin Hikma a Dandaji ta ƙasar Illela, wanda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara. Maimakon a rushe tsohon masallacin garin, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka tayar da sabo kusa da shi da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji ba tare da an ƙona ba, aka bar kafofin da iska ke shiga tana fita. Abin lura shi ne, gidauniyar kamfanin siminti na LafargeHolcim ce ta ba aikin lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. Ko masu siminti sun yarda cewa sana'arsu tana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya.

Cewa laka na iya ɗaukar asibiti, an riga an gwada a Sahel. A Kayedi ta Muritaniya, Fabrizio Carola ya faɗaɗa asibitin garin da tubalin da aka ƙona da ɓuntun shinkafa, ya yi ɗakuna masu tulluwa, ya kuma keɓe wa dangin majinyata wurin zama. Aikin ya sami kyautar Aga Khan a 1995. A Leyo ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina asibitin tiyata a 2014 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da ɗakunan domin iska ta riƙa wucewa tsakani.

Saura maganar fili. A ƙarshen shekarun 2010 sabuwar masana'anta, wadda ta ninka tsohuwar ƙarfi sau da yawa, ta fara aiki a Malbaza, garin da ya zama hedkwatar gunduma a 2011 yake kuma ta faɗaɗa. Kowace ma'aikata tana da ranar tsufa, kowane ramin haƙar dutse yana da ranar da za a bar shi, gari kuma ya iso bakinsa. Irin wannan fili yana da hanya, da layin wuta, da ruwa kusa, abubuwan da gidan likita ke buƙata. Sai dai yakan bar ƙura, da man inji da ya jiƙa ƙasa, da ramukan da ruwan damina ke kwanciya sauro ya hayayyafa. A Boston ta Amurka, asibitin Spaulding da aka buɗe a 2013 yana bisa tsohon filin ma'aikatar jiragen ruwan soja. Sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa kafin a aza harsashi, aka kuma yi tagogi masu buɗuwa saboda abin da ya sami asibitocin New Orleans da wuta ta ɗauke a guguwar Katrina ta 2005.

Wannan darasi na ƙarshe Nijar ta karanta shi da kanta a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke mata lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ginin da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ya zama wahala ga mai ciwo. A Malbaza ɗin dai aka ƙaddamar da tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 7 a 2018, ta farko mai wannan girma a ƙasar.

Ashe duk kayan aikin suna nan cikin tafiyar yini guda: siminti domin harsashi da daɓen ɗakin tiyata, jar ƙasa domin katanga, rana domin fitila da firjin allurar rigakafi, da magina waɗanda suka gaji hannun Falke Barmu. Ranar da majalisun gari da ƙungiyoyin raya ƙasa za su zauna kan zanen sabon gidan haihuwa, ya dace a fara auna ƙasar filin da ruwan rijiyarsa, a kuma ajiye wa sarkin magina wurin zama kusa da injiniya.