Karen da Ya Fi Ubangidansa Kasuwa

Wannan makon Amurka za mu leƙa.

Ranar 2 ga Oktoba, 1950, jaridu bakwai kacal suka fara buga wani ɗan zanen barkwanci na Charles Schulz, mutumin jihar Minnesota. Labarin wasu yara ne, cikinsu har da Charlie Brown wanda sa'a ba ta san gidansu ba, da karensa Snoopy. Tun daga suna aka fara nuna wa Schulz fin ƙarfi. Kamfanin United Feature Syndicate, mai rarraba zanen ga jaridu, shi ya raɗa masa Peanuts, sunan da Schulz bai taɓa ƙauna ba har ya bar duniya. Haƙƙin mallaka ma a hannun kamfanin ya zauna, don haka tsarin yake a lokacin, kuma sabon shiga ba ya ja da mai abincinsa.

A 1952 aka tara zanukan a littafi na farko. Amma kasuwa ta buɗe sosai a 1962, lokacin da wata mata 'yar San Francisco, Connie Boucher, ta fitar da ɗan ƙaramin littafin kyauta mai suna Happiness Is a Warm Puppy: jimla guda a shafi, zane guda a gefenta. Ya yi kasuwa ba kaɗan ba. Ga kuma riguna, kalanda, 'yartsana, katin gaisuwa. A 1965 aka yi fim ɗin Kirsimeti na talabijin. A 1969 'yan sama jannatin Apollo 10 suka sa wa sassan kumbonsu biyu sunan Charlie Brown da Snoopy. Kamfanin inshora na MetLife kuwa ya yi talla da karen daga 1985 har 2016.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, duk wannan hada-hada ba ta raba Schulz da teburinsa ba. Shi kaɗai yake ƙirƙira, ya zana, ya rubuta kalmomin da hannunsa, har zanuka 17,897. Sai dai mutane da yawa sun san Snoopy a jikin riga ba su taɓa sanin zanen cike yake da kaɗaici da rashin nasara ba. Riga ba ta ɗaukar wannan, murmushi kawai take ɗauka.

Abin da Bill Watterson ya ji wa tsoro ke nan. Shi ne mai Calvin and Hobbes, wanda ya fito daga 1985 zuwa 1995. Ya shafe shekaru yana kai ruwa rana da kamfaninsa don kada a mayar da yaron da damisarsa kayan kanti, kuma ya yi nasara. Littattafai ya yarda da su, 'yartsana bai yarda ba. 'Yan jabu dai ba su fasa buga sitika da fuskar Calvin ba.

Schulz ya rasu ranar 12 ga Fabrairu, 2000, washegari zanensa na bankwana ya fito. Bisa burinsa, ba a ba kowa alƙalamin ya ci gaba ba. A 2010 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin Peanuts a kan dala miliyan 175, iyalansa suka samu kashi 20 cikin ɗari.