Suna Ɗaya, Hannu Uku: Tarihin Jirgin Ruwan Gemini

Yau filin tarihi zai kai mu bakin teku a Amurka, mu ga yadda wani ƙaramin jirgin ruwa ya yi ta sauya kama a hannun maƙera daban-daban, alhali sunansa na nan yadda yake.

Duk wanda ya taɓa tsallake kogi da kaya masu nauyi ya san dabarar nan ta haɗa kwale-kwale biyu, a shimfiɗa katako a kansu, a ɗora mota ko buhuna. To, katamaran ke nan: jirgi mai gangar jiki biyu da ɗaki a tsakani. Kalmar daga yaren Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure wuri guda. Amfaninsa biyu ne: ba ya tangaɗi sosai, kuma ba ya buƙatar ruwa mai zurfi.

Wanda ya fara ƙera Gemini wani Baturen Ingila ne, Tony Smith, da ya koma jihar Maryland ta Amurka da sana'arsa. Da farko jirgi mai gangar jiki uku yake yi, mai suna Telstar. A 1981 gobara ta cinye masana'antarsa, har da mazubin jirgin. Su waɗannan jirage da faiba ake zuba su a cikin mazubi, kamar yadda ake buga bulo, don haka in mazubi ya ƙone, sana'a ta tsaya. Sai ya ɗauko mazubin wani tsohon katamaran na Ingila mai suna Aristocat, ya yi masa gyara, ya fito da Gemini na farko, mai tsawon kusan ƙafa 31.

Kun ga tun ranar farko jirgin da gadon wani ya fara. Daga nan Smith ya yi ta gyara shi kaɗan-kaɗan: Gemini 3000, sai 3200, sai 3400. A tsakiyar shekarun 1990 ya sake fasalin gangar jikin, ya fito da 105M, daga baya kuma 105Mc. Tsawon ya ƙaru zuwa ƙafa 33 da rabi. Injin fetur da ake rataya wa a baya, irin na kwale-kwalen fito, ya ba da wuri ga injin dizal guda ɗaya.

Amma akwai abubuwa biyu da bai yarda ya taɓa ba. Na farko faɗi: ƙafa 14, ba ƙari. Dalili kuwa na kasuwa ne. Da wannan faɗin jirgin zai shiga wurin ajiya irin na sauran jirage ba tare da an biya kuɗin wuri biyu ba, kuma babbar mota za ta iya ɗaukar sa a kan titi. Na biyu, alluna biyu da ake saukarwa ƙarƙashin ruwa don kada iska ta ture jirgin gefe. In an zo wurin da ruwa ya janye sai a ɗage su, jirgin ya wuce a ruwan da bai fi inci 18 ba, wato bai kai gwiwa ba. Masu shiga tafkin Chadi da rani sun san darajar wannan. A 2001 Smith da ɗansa suka tsallake tekun Atlantika da 105Mc har Ingila, don su nuna ƙaramin jirgin ba na bakin gaɓa kawai ba ne. An ƙera Gemini sama da 1,000.

Da Smith ya ajiye aiki, 'yarsa ta karɓi ragamar kamfanin, aka mayar da ƙirar hannun kamfanin Hunter Marine a jihar Florida. A zamanin ne aka fito da Legacy 35, kuma a nan aka yi babban sauyi. Aka cire allunan da ake ɗagewa, aka sa kafaffu a ƙarƙashin kowace gangar jiki. Aka cire inji ɗaya, aka sa biyu. Daga baya aikin ya sake komawa hannun Catalina Yachts, shi ma a Florida.

Me aka samu, me aka rasa? Inji biyu sun sa juya jirgin a matsattsen wuri ya yi sauƙi, kuma in ɗaya ya mutu ɗaya zai kai ka gida. Kafaffen allo ba ya maƙalewa, ba ya son yawan gyara. Amma yanzu jirgin na buƙatar ruwan da ya kusa ƙafa 3, kusan ninki biyu na da. Wanda ya sayi sabon don ya ji labarin tsohon yana shiga ruwa mara zurfi, ai sai ya tsinci kansa a kan yashi. Faɗin nan na ƙafa 14 kuwa, shi kaɗai kowane maƙeri ya bari, domin shi ke kawo masu saye.

Abin lura a nan ya shafe mu. Babur, injin ban ruwa, batir, atamfa, da yawa sunansu bai sauya ba, amma masana'antar ta sauya hannu, wani lokaci har ƙasa. Ba lalle sabon ya fi tsohon lalacewa ba, sai dai an yi shi ne don wani mai saye daban. Makiyayi ba ya sayen saniya don an ce masa Bunaji ce, sai ya buɗe baki ya duba haƙori. Haka ɗan kasuwa: ka tambayi wa ya ƙera, a wace shekara, me aka cire, me aka ƙara. Ba a cinikin biri a sama.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.