Faifan Minti 34 da Ya Raba Kan Masu Sauraro a Gothenburg da Amurka

A watan Nuwamba na 1995, kamfanin Earache da ke birnin Nottingham na Ingila ya saki wani faifai mai waƙoƙi 11, wanda tsawonsa duka bai wuce minti 34 da 'yan daƙiƙu ba. Sunansa Slaughter of the Soul, kuma aikin wasu samari biyar ne 'yan birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin da ke kiran kansu At the Gates. Kafin 1996 ta ƙare, ƙungiyar ta watse. Gardamar da faifan ya haddasa tsakanin masu sauraro kuwa ta yi ta sauya riga har tsawon shekara talatin.

Kiɗan metal kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna masu ƙarfi, kuma yana da rassa da yawa. A farkon shekarun 1980 aka samu reshen thrash a Amurka da Jamus, mai gudu da kaifi, irin na Metallica da Slayer da Kreator. Faifan Slayer na 1986, Reign in Blood, bai ma cika rabin awa ba, amma ya zama ma'aunin da ake gwada kowa da shi. Daga baya death metal ya ɓullo, musamman a jihar Florida, inda ƙungiyoyi irin su Death da Morbid Angel da Obituary suka ƙara wa kiɗan nauyi, mawaƙi kuma ya daina rerawa ya koma gurnani daga maƙogwaro. Gidajen rediyo ba sa saka irin wannan kiɗa, manyan shaguna ba sa ajiye shi. To ta yaya ya isa kunnen ɗan sakandare a Suwidin?

Ta gidan waya ya iso. Saurayi zai kwafi kaset, ya rubuta sunayen waƙoƙin da hannu, ya cusa a ambulan tare da tarin ƙananan takardun tallan wasu ƙungiyoyi, ya aika wa wani a Brazil ko Poland da bai taɓa gani ba. Wancan ma ya rama masa da abin da ke hannunsa. Da yake kuɗi ba su da yawa, wasu sukan shafa gam a saman kan sarki kafin su aika wasiƙa, su roƙi wanda ya karɓa ya dawo musu da shi, a goge tambarin gidan waya a sake amfani da shi. Akwai kuma ƙananan mujallu da ake bugawa da tafireta a kwafa da injin hoto, irin su Slayer Mag na ƙasar Norwe. A cikinsu ne masu sauraro ke yanke hukunci a kan kowane sabon kaset, ba sani ba sabo. Babban zagi a wannan duniyar shi ne a ce ƙungiya ta sayar da kanta, wato ta sassauta kiɗanta don neman kasuwa.

A Suwidin, birnin Stockholm ne ya fara yin suna. A 1990 ƙungiyar Entombed ta fitar da Left Hand Path, wanda aka ɗauka a situdiyon Sunlight na Tomas Skogsberg. Sirrin sautinsu wata 'yar na'ura ce ta kamfanin Boss mai suna HM-2, da ake murɗa maɓallanta har ƙarshe, sai jita ta riƙa ƙara kamar injin yankan katako. Ba a daɗe ba ƙungiyoyi suka yi ta layi a ƙofar Sunlight, kowa na neman irin wannan sauti.

Gothenburg ta bi wata hanya dabam. Birni ne na tashar jiragen ruwa da masana'antu a gabar yamma, na biyu a girma a ƙasar, gidan kamfanin motoci na Volvo. Samarin da ke wannan kiɗa a can ba su da yawa, kuma kusan duk sun san juna. Anders Fridén ne ya yi waƙa a faifan farko na Dark Tranquillity a 1993, Mikael Stanne kuma ya yi a faifan farko na In Flames a 1994, daga baya kowannensu ya zauna a ƙungiyar ɗayan. Waɗannan samari sun tashi da kiɗan Iron Maiden, inda jita biyu ke tafiya tare suna jan karin da mutum zai iya bi da baki. Sai suka ɗora wannan kari mai daɗi a kan gurnanin death metal da gudun thrash. Situdiyon Fredman na Fredrik Nordström ya zama matattararsu. A nan aka ɗauki The Gallery na Dark Tranquillity da The Jester Race na In Flames da kuma Slaughter of the Soul, dukkansu suka fito tsakanin 1995 da 1996.

At the Gates ba da irin wannan salo suka fara ba. An kafa ƙungiyar a 1990, da Tomas Lindberg a murya, tagwaye Anders da Jonas Björler a jita da bes, Adrian Erlandsson a ganguna, sai Alf Svensson a jita ta biyu. Faifansu na farko, The Red in the Sky Is Ours na 1992, abu ne mai wuyar bi: waƙa za ta ɗauki hanya, ta tsaya, ta juya, har goge irin na Turawa ya shigo tsakiya. Bayan Svensson ya bar su a 1993, Martin Larsson ya maye gurbinsa, waƙoƙin suka fara miƙewa.

A Slaughter of the Soul an yanke duk wani kewaye-kewaye. Mafi yawan waƙoƙin minti uku ne ko ƙasa da huɗu, da baiti da amshi a inda kunne ke sa ransu. An sassauta tsirkiyoyin jita domin sauti ya yi ƙasa ya yi kauri, ganguna na sukuwa irin ta thrash, muryar Lindberg kuma ta fi kama da kururuwar wanda ke cikin azaba fiye da gurnani. Waƙar Suicide Nation tana buɗewa da ƙarar ɗana bindiga. A waƙar Cold, Andy LaRocque na ƙungiyar King Diamond ya zo a matsayin baƙo ya yi kiɗan jita shi kaɗai, wanda har yau masu koyo ke fama da shi. A tsakiyar faifan akwai Into the Dead Sky, kiɗa zalla a natse ba murya, inda mai sauraro ke samun numfashi.

Nan kan jama'a ya fara rabuwa. Sababbin masu sauraro suka rungume shi, suna kwatanta shi da Reign in Blood saboda gajartarsa da rashin ɓata lokaci. Tashar MTV ta riƙa nuna bidiyon Blinded by Fear, an kuma saka faifan cikin masu takarar lambar Grammis ta Suwidin. Wasu daga cikin tsofaffin 'yan musayar kaset kuwa suka murtuke fuska. A ganinsu, ƙungiyar da suka sani da zurfin tunani ta koma yin waƙoƙi masu kama da juna, kuma basirar ta tafi tare da Svensson. Irin wannan ƙorafi ya riga ya faɗa wa Carcass ta Liverpool, lokacin da ta fitar da Heartwork a 1993.

Bayan watsewar ƙungiyar, tagwayen Björler da Erlandsson suka haɗu da Patrik Jensen suka kafa The Haunted, wadda ta ƙara karkata ga thrash. Faifan kuwa ya ci gaba da yawo shi kaɗai, ya ƙetare teku. A Amurka, samarin da suka fito daga kiɗan hardcore suka haddace salon jitarsa, suka gauraya shi da nasu. A farkon shekarun 2000, ƙungiyoyi irin su Killswitch Engage da Shadows Fall da As I Lay Dying da The Black Dahlia Murder suna cika ɗakunan wasa da kiɗan da ake jin ƙamshin Gothenburg a cikinsa. Darkest Hour ta Washington ma tattaki ta yi har situdiyon Fredman ta ɗauki faifanta na 2003, kuma Lindberg ya sa murya a ciki.

Wannan nasara ce ta haifi hukunci na uku, wanda ya fi sauran ban mamaki. Wasu masu sauraro suka daina auna faifan da abin da ke cikinsa, suka koma auna shi da 'yan kwaikwayonsa. Duk ƙungiyar da ta fito da salon jita irin nasa, sai a ɗora masa laifin haihuwarta. Wasu kuma suka tsaya kai da fata cewa ba a kama uba da laifin ɗa. Masu sharhi a mujallu sun fi karkata ga masu yabo: mujallar Decibel ta Amurka ta saka shi cikin jerin faifanta na girmamawa a 2005, Rolling Stone kuma ta lissafa shi cikin faifan metal 100 mafiya fice a 2017. Maƙwabtan At the Gates, wato In Flames, sun ɗanɗani tasu gardamar a 2002, lokacin da Reroute to Remain ya ƙara musu kasuwa ya kuma fusata tsofaffin magoya bayansu.

At the Gates sun sake haɗuwa a 2008, suka yi wasa a manyan bukukuwan kiɗa gaban taron da ya ninka wanda suka sani a shekarun 1990, mafi yawansu matasan da ba su taɓa ganinsu a dandali ba. A 2014 suka fitar da At War with Reality, faifansu na farko cikin shekara 19, nan take masu sauraro suka rabu tsakanin masu cewa ya yi kama da na 1995 fiye da kima da masu cewa bai kama ƙafarsa ba. Tomas Lindberg, wanda ya haɗa waƙa da aikin koyarwa a makaranta, ya rasu a watan Satumba na 2025 yana da shekara 52, bayan fama da cutar daji.