Tarihin ɓeran da ke haske cikin duhu

Makiyayin Gidan Rumji ko na Gazawa yana yi wa dabbarsa shaida don ya gane ta cikin garke, amma ba ya son shaidar ta gurgunta ta. Masana kimiyyar halittu sun ci karo da irin wannan damuwa game da ɗan tayin ɓera.

A 1962 Osamu Shimomura, masani ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya ba da labarin wani furotin mai koren haske da ya samo daga wata halittar teku, Aequorea victoria. Ana kiransa GFP. A 1994 Martin Chalfie ya sa ƙwayar gadon furotin ɗin cikin wata ƙaramar tsutsa, sai jijiyoyinta suka haskaka tana da rai. A 1997 Masaru Okabe da abokan aikinsa na Jami'ar Osaka suka samar da ɓeraye masu koren haske. Daga nan aka samu damar kallon yadda ƙwayoyin ɗan tayi ke rabuwa, suna zama zuciya ko ƙwaƙwalwa, ba tare da an kashe shi ba.

Sai dai fitilar ba ta rasa illa ba. A 2000 aka nuna cewa yawan GFP a zuciyar ɓera yana buɗe ta har ta raunana. Jan furotin DsRed, wanda aka samo daga murjani a 1999, ya fi wuya: yana dunƙulewa huɗu-huɗu cikin ƙwaya, kuma samun ɓeraye masu lafiya da shi ya yi wahala. A 2002 ɗakin binciken Roger Tsien ya gyara shi ya tsaya shi kaɗai, abin ya yi sauƙi. Su ukun, Shimomura, Chalfie da Tsien, sun samu kyautar Nobel a 2008.

Wannan shaida ta iso yankinmu. A 2019 aka saki sauron da aka sauya wa gado a ƙauyen Bana na Burkina Faso, yana ɗauke da jar alamar, don binciken yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, cutar da ke cika asibitocin Agiye da Maraɗi kowace damina. A 2025 hukumomin ƙasar suka dakatar da aikin. In wata rana aka kawo mana irinsa, darasin ɓera ya ba mu tambayar da za mu fara yi: an gwada abin da alamar kanta ke yi wa jikin da ke ɗauke da ita?