Cokali Biyu a Tsakar Gida

A shekarar 2013 aiki ya kai ni Kolombiya, kwas na wata huɗu a kan rogo a cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Palmira. Na kama ɗaki a Kali, babban birnin da ke kusa, a gidan wata dattijuwa mai zaune da jikokinta biyu. A daren farko, na yi isha'i na kwanta ke nan sai na ji ƙarar ƙafa a kan siminti, da sauri kamar yayyafi a kan kwano. Na leƙa tsakar gida. Yaran ne, yarinyar shekararta sha huɗu, wanta sha shida. Babu rediyo, babu ganga. Kakarsu ce zaune a kujerar roba tana haɗa cokali biyu: bugu uku, ta ɗan saurara, bugu biyu. Saura mako shida a yi gasa.

Ta wajen uwa ni jikan makaɗa ne. Kakana da kalangu ya bi mahauta har ƙarfinsa ya ƙare, saboda haka kunnena ya riga idona fahimtar abin da ake yi. Wannan bugu biyar shi suke kira kilabe, asalinsa da 'yan sanduna biyu ake yin sa, kuma a kansa duk kiɗan salsa ya ɗora. Na san a wurinmu namiji ya riƙe mace a bainar jama'a abu ne da tarbiyya ba ta yarda da shi ba, ni ma ban taɓa shiga fili ba. Amma abin da na gani a gidan nan sana'a ce mai tarihi, kuma tarihin ya ratsa ta nahiyarmu.

Kiɗan ya taso ne daga Kyuba, inda aka yi ta sauke bayi daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, cikinsu har da Yarbawa masu yawa, kuma ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1886. Gangunansu suka gamu da jita da salon waƙar Sifaniyawa, aka sami abin da ake kira son, daga baya mambo. Gasar kuwa a New York ta yi suna, a wani zauren rawa mai suna Palladium a kan titin Broadway, wanda daga 1948 ya zama matattarar masu mambo. Duk daren Laraba akwai gasa. Machito da Tito Puente da Tito Rodríguez su ne ke kan dandamali da makaɗansu, mai rawa kuma abin da ya ji daga hannunsu shi yake amsawa da ƙafa, nan take. A zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Amurka, a zauren nan ɗan Puerto Rico da baƙar fata da Bayahude da ɗan Italiya fili ɗaya suke takawa, wanda ya iya shi ake tafa wa. Shahararrun wurin, Cuban Pete da Millie Donay, shi ɗan Puerto Rico ne, ita 'yar asalin Italiya. An rufe zauren a 1966.

Sunan salsa, wanda ma'anarsa miya, ya bazu ne ta hannun kamfanin faifai na Fania da Johnny Pacheco da Jerry Masucci suka kafa a 1964. Makaɗan kamfanin, tare da mawaƙiya Celia Cruz, sun zo har Kinshasa a 1974, a bikin da aka shirya domin damben Muhammad Ali da George Foreman.

Kali birni ne na rake da 'yan ƙwadago, ba ya bakin teku, ba ya kusa da Kyuba. Faya-fayen ta tashar jiragen ruwa ta Buenaventura suka riƙa shigowa a hannun ma'aikatan jirgi, su sauka a unguwannin talakawa irin Barrio Obrero. Mai gidan tawa a can ta yi 'yammatancinta. Ta ce a zamaninsu akwai rawar yamma ta samari da 'yammata wadda ba a shan giya, sai ruwan wani ɗan itace mai tsami da suke kira lulo. Wata rana ta jawo tsohon garmahonta ta ce, "Ɗana, zo ka ga yadda muka yi." Ta ɗora faifan da aka yi don ya juya sau 33 a minti, ta mayar da shi kan 45. Muryar mawaƙin ta sirance, gangar ta ruga a guje. Haka matasan Kali suka riƙa yi wa faya-fayen New York saboda sun ga kiɗan ya yi musu sanyi, kuma daga nan ne salonsu ya fito: ƙirji a tsaye cak, ƙafa kuwa ido ba ya iya bin ta. Lokacin da Richie Ray da Bobby Cruz suka zo bikin birnin a 1968, sun tarar da mutane suna taka waƙoƙinsu da saurin da su kansu ba su kaɗa su ba.

Gasa irin ta yau sabuwa ce. A 1997 aka yi babban taron masu salsa na farko a Puerto Rico, a 2005 Albert Torres ya fara gasar duniya a Las Vegas wadda tashar ESPN ta nuna, a 2006 kuma Kali ta soma nata bikin na duniya. Daga nan rawar ta juya fuska. Da, mutum abokin rawarsa yake kallo, kunnensa na wurin makaɗi. Yanzu alƙalai ake fuskanta, suna zaune da takarda suna ba da maki a kan dacewa da kiɗa, da tsaftar taku, da wuyar abin da aka gwada, da haɗin kan mutum biyun. Waƙar an yanko ta a kwamfuta, minti biyu ko makamancin haka, an haddace kowane taku tun watanni. An raba rukuni: masu karya taku a bugu na ɗaya irin na Los Angeles, masu karyawa a na biyu irin wanda Eddie Torres ya tsara a New York, da rukunin da ake ɗaga mace sama a jefa a cafe.

Ba na raina abin da gasar ta kawo. Na shiga makarantar da yaran ke zuwa a gabashin birnin, wajen Aguablanca, inda galibin mazauna baƙaƙen fata ne da suka taso daga gaɓar tekun Pasifik. Ɗaki ne mai rufin kwano, madubi ɗaya tsagagge, yara sun fi talatin, zufa na ɗiga har siminti ya yi santsi. A unguwar da 'yan daba ke farautar yaro tun bai yi gemu ba, awa huɗu a ɗakin nan kowace yamma ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar Swing Latino ta Luis Eduardo Hernández, wanda ake kira El Mulato, daga irin waɗannan ɗakuna ta fito, ta ci kofin duniya, a 2020 kuma ta taka tare da Jennifer Lopez a wasan Super Bowl. Sai dai duk lokacin da na ga an wulla yarinya sama alhali ganga na faɗin wani abu dabam, raina yakan ɓaci. Kakana yakan ajiye kalangu idan ya lura mai rawa ya daina sauraro.

Bachata, wata rawar da ita ma ake gasarta, ta fi ba ni tausayi. Ita 'yar Jamhuriyar Dominika ce. José Manuel Calderón ya ɗauki faifanta na farko a 1962, shekara guda bayan kashe mai mulkin ƙasar, Trujillo, kuma shekaru da dama masu hali suna ganinta kiɗan mashaya da 'yan ci-rani, suna kiranta waƙar ɗaci. Tashar Radio Guarachita ce kusan kaɗai ke sa ta. Rawarta taku uku ne da ɗan dangwale a na huɗu, a wuri ƙanƙane, ƙafa na hira da jita. Juan Luis Guerra ya wanke mata suna da Bachata Rosa a 1990, ƙungiyar Aventura ta kai ta Turai da Obsesión, waƙarsu ta 2002, UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2019. Amma a tsakani wani salo ya fito daga Cádiz ta Sifaniya, na Korke da Judith, mai lanƙwasa baya da kaɗa gadon jiki, shi ya mamaye fagagen gasa. Har ta kai ainihin takun Dominika ya koma rukuni guda a gefe, ana kiransa na gargajiya. Yaron gidanmu salon Cádiz ya koya daga bidiyon waya, kakarsa kuma ko kallo ba ta yi idan ya fara.

Kuɗin shiga gasar da na takalma daga cinikin soyayyen abincin da take sayarwa a ƙofar gida suka fito. Rigar yarinyar ita ta ɗinka, ta bi ta da ƙyalƙyali ɗaya bayan ɗaya, da tabarau a kan hanci, dare goma sha ɗaya ina gani. Ranar tankaɗe da rairaya na bi su. Ƙafarsu ta yi kyau ƙwarai, ban ji sun saki kiɗa ko sau ɗaya ba. Wajen ƙarshe yaron ya ɗaga yarinyar bisa kafaɗa, hannunsa ya zame da zufa, ta sauko a karkace ta dafa ƙasa. Ba su tsallake ba.

A bas babu wanda ya yi magana. Da muka isa gida tsohuwar ta dafa ruwa, ta zuba gishiri a roba, ta durƙusa ta cire wa yarinyar takalmi. Yatsu biyu sun fashe, safar ta manne da jini. Ta jiƙa ta a hankali har ta saki. Yaron na tsaye jikin bango yana kuka ba sauti. Ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗana, miƙo mini tawul, ka zo kai ma ka sa taka ƙafar."