Dutsen Abuja da Tambayar Yaushe Ƙasa Ta Fara Tafiya

Tsakuwar da ake zuba wa kankare a gine-ginen Wuse, wadda tifofi ke kwasowa daga wuraren fasa dutse irin na Mpape, ta girmi duk wani abu da ɗan Adam ya taɓa ginawa. Yawancin duwatsun yankin Abuja sun sandare ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohon ɓangaren ƙasar Afirka ta Yamma ya yi karo da wanda ke gabas da shi. Karon ya narkar da dutse a can ƙarƙashin ƙasa, ya huce a hankali, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke kansa har ya fito fili. Dutsen Aso ragowar wannan aiki ne.

To, ɓawon ƙasa a tsattsage yake kamar fasasshiyar ƙwarya, ɓangarorin suna ja da juna, wani na nutsewa ƙarƙashin wani. Alfred Wegener ya kawo maganar tafiyar nahiyoyi a 1912, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 aka yarda. Abin da har yau ake gardama a kai shi ne ranar farawa.

Masu cewa tun farko ne suna nuna ƙwayoyin ma'adinin zirkon na Jack Hills a Ostireliya, masu shekaru biliyan 4.4, waɗanda ke ɗauke da alamar ruwa. Robert Stern, masani ɗan Amurka, ya ce sam, bai fi shekaru biliyan ɗaya ba, domin sai a lokacin ne aka fara samun gutsattsarin ƙasan teku da aka tura kan tudu da yawa, irin na Bou Azzer a Maroko. A tsakiya akwai shaidar lu'ulu'u: a 2011 masana Shirey da Richardson suka nuna cewa daga shekaru biliyan 3 ne lu'ulu'u ya fara ƙunsar ɓurɓushin dutsen da ya nutse daga sama. A 2020 kuma binciken maganaɗisun duwatsun Pilbara a Ostireliya ya nuna yankin yana tafiyar aƙalla santimita 2.5 a shekara a wajen shekaru biliyan 3.2 da suka wuce.

Mu ma muna da namu. A 2001 aka auna zirkon daga wani dutse a Kaduna, aka samu shekaru kusan biliyan 3.57, cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma. Sai dai tsufa kawai ba ya nuna tafiya. Ya nuna akwai tudu a lokacin, bai ce ɓangarori na karo ba. Shi ya sa a ganina hujjar biliyan 3 ta fi ƙarfi, don ita ce shaidu biyu daban suka haɗu a kanta.